Waɗanda Suka Tafi Yaƙin Nasara Ba Su Komo Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Duk lokacin da sarauta ta cika shekara ɗari, abin da aka saba tattarawa shi ne jerin sarakuna da shekarun da kowannensu ya yi bisa gado, da sunayen masu sarauta da limamai, da shekarar da aka buɗe lakwal, da lokacin da kasuwa ta tashi daga tsohon wurinta. Wannan duka tarihi ne, ya kuma cancanci a adana shi. Amma akwai wasu mutane da ba su shiga kowane jeri ba, alhali kuwa ta ƙofar fada suka fita daga gari. Su ne samarin da aka ɗiba soja a zamanin mulkin Faransa, aka kai su bakin teku, aka saka su jirgin ruwa, daga nan labarinsu ya yanke.

A gidaje da dama na ƙasar Hausa ta Nijar, tun daga Damagaram har Arewa, abin da ya rage na irin wannan mutum bai wuce magana guda ba: wan kaka ne ko ƙanensa, ya tafi yaƙin Nasara, bai komo ba. Wani lokaci akan sami jika ko tattaɓa-kunne da aka raɗa wa sunansa, shi kansa bai san ko wane ne takwaran nasa ba. Tarihin kowane ɗaya daga cikin waɗannan mutane ya rabu gida biyu. Rabi yana bakin tsofaffi: sunansa na yanka, da uwarsa, da unguwarsu, da matar da ya bari. Ɗaya rabin yana cikin takardun soja a Faransa da Dakar da Yamai: lambarsa, da rundunarsa, da ranar da ya rasu, da inda aka binne shi. Ba a samun mutumin cikakke sai an haɗa biyun, rabin da ke bakin tsofaffi kuwa kullum raguwa yake yi.

Yadda aka ɗebi soja

Rundunar da Faransawa suke kira Tirailleurs sénégalais an kafa ta a Senegal a shekarar 1857, zamanin Gwamna Faidherbe. Sunan ya bi ta har ƙarshenta, ko da yake yawancin mutanenta daga baya ba ƴan Senegal ba ne. Bahaushe, da Bazabarme, da Babarbare, da Bamoshe, da Bambara, duk da wannan suna guda aka rubuta su. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai neman kakansa ya riƙe, don kada ya ga kalmar Senegal a takarda ya ɗauka ba nasa ba ne.

Faransawa sun kama Damagaram a shekarar 1899, Zinder kuma ta zama hedkwatar Nijar daga 1911 har zuwa 1926, lokacin da aka mai da mulki Yamai. A 1910 Kanar Mangin ya fitar da littafinsa mai suna La Force noire, inda ya ja hankalin ƙasarsa cewa Afirka rumbu ce ta mayaƙa da za ta cike mata gurbi ranar da ta kara da Jamus. A 1912 aka yi dokar ɗaukar soja na tilas a Afirka ta Yamma. Da yaƙi ya ɓarke a 1914 sai ɗibar ta tsananta, har zuwa 1918 da Blaise Diagne, ɗan majalisar Faransa daga Senegal, ya jagoranci wata babbar ɗiba wadda ta tara mutum 63,000 a Afirka ta Yamma kaɗai. Bayan yaƙi, dokar 1919 ta mai da abin na kowace shekara, wa'adin aikin soja kuma shekara uku, haka aka ci gaba har dab da samun ƴancin kai a 1960.

Hanyar ɗibar ba ta ɓoyu ga kowa ba. Gwamna yakan yanka wa kowane yanki adadinsa, kwamandan ya raba wa sarakuna, sarki ya raba wa masu gari. Ranar da aka sa, sai a jera samari a filin bariki gaban hafsan soja da likita da kwamandan, a duba ƙirji da haƙora da ƙafafu, a fid da marasa ƙarfi, sauran kuma a yi musu ƙuri'a. Wanda ta faɗa kansa ya sa jar dara. Waɗanda aka samu da lafiya amma ƙuri'a ba ta ci su ba, su ne ake kira kashi na biyu, kuma daga 1926 an riƙa tura wasunsu aikin ƙarfi. Saboda haka ba duk wanda aka ce an ɗiba ne ya riƙe bindiga ba.

Sarki a wannan zamani yana tsakanin wuta biyu. Idan bai cika adadi ba akwai tara, akwai wulaƙanci a gaban jama'a, akwai tuɓe rawani. Idan ya cika kuma, da ƴaƴan talakawansa ya cika. An sami sarakunan da suka ba da ƴaƴansu ko ƙannensu don su zama abin misali, an kuma sami gidajen masu hali da suka tura ƴaƴan bayi da barori da marasa galihu a madadin nasu. Samari da yawa kuwa da sun ji ƙishin-ƙishin ɗiba sai su tsallaka ƙasar Ingilishi, su fake a Katsina ko Daura ko Sakkwato har ƙura ta lafa, wani lokaci ma ƙauye guda ke tashi. Tarihin sarauta na gaskiya ya kamata ya ƙunshi wannan duka, mai daɗi da marar daɗi.

Inda suka je da inda suka kwanta

Masana tarihi sun ƙiyasta cewa kusan mutum 200,000 na Afirka ta Yamma suka yi wa Faransa aikin soja a Yaƙin Duniya na Farko, kimanin 30,000 kuma suka rasa rayukansu. Rabon Nijar bai kai na ƙasashen da a yau ake kira Mali da Burkina Faso ba, domin jama'arta ba ta da yawa, tana kuma nesa da teku. Daga Zinder zuwa Yamai kaɗai tafiyar kusan kilomita 900 ce, a zamanin da ƙafa ce mota. Wasu tun a hanya cuta ta kayar da su. Wasu kuma ba su bar ƙasar ba, an tsare su a barikokin cikin gida, har suka halarci yaƙin Kaosan, lokacin da aka yi wa barikin Agadas ƙawanya daga Disamban 1916 zuwa Maris ɗin 1917.

Waɗanda suka haye teku an kai su wurare masu nisa da juna. A 1915 an kai bataliyoyin baƙar fata mashigin Dardanel a ƙasar Turkiyya, inda har yanzu akwai maƙabartar sojan Faransa a Seddul-Bahr. A 1916 sun yi yaƙi a bakin kogin Somme, suna kuma cikin waɗanda suka ƙwato ganuwar Douaumont kusa da Verdun ranar 24 ga Oktoba. Ranar da ta fi kowace muni ita ce 16 ga Afrilu, 1917, a tudun Chemin des Dames, inda aka tura su gaba cikin ruwan sama da ƙanƙara, hannuwansu sun sandare har ba sa iya sarrafa bindiga, dubbai suka mutu ko suka ji rauni ko suka ɓace cikin ƴan kwanaki. A 1918 suna cikin masu tsaron birnin Reims. Saboda haka aka kafa musu gunkin tunawa a can a 1924, da irinsa a Bamako. Jamusawa sun tumɓuke na Reims a 1940, sai a 2018 aka yi bikin buɗe wanda ya maye gurbinsa.

Amma ba harsashi ne ya kashe da yawa daga cikinsu ba. Sanyin Turai ya sa kowane hunturu ake janye su zuwa sansanonin kudu, musamman Fréjus da Saint-Raphaël a bakin Bahar Rum, da Le Courneau kusa da Bordo. A Le Courneau, wuri mai fadama da danshi, ciwon huhu ya yi musu ɓarna a 1916 da 1917, fiye da mutum 900 suna kwance a maƙabartar Natus da ke kusa da sansanin. A garin Menton, inda aka mai da manyan otal-otal asibitoci, fiye da 1,000 suna maƙabartar Trabuquet. Annobar mura ta 1918 ta ƙara kwashe wasu. Gidan da ya taso da labarin cewa kakansa ya faɗi a fagen fama, zai yiwu ya tarar a takarda cewa a gadon asibiti ya cika. Wannan ba ya rage masa daraja ko kaɗan, domin yaƙin ne ya kai shi can.

A Yaƙin Duniya na Biyu abin ya zo da wata fuska. Cikin watannin Mayu da Yuni na 1940, da Jamus ta mamaye Faransa, sojanta sun riƙa ware baƙaƙen fursunoni daga farare suna harbe su. Masanin tarihi Raffael Scheck ya ƙiyasta waɗanda aka kashe ta wannan hanya tsakanin 1,500 da 3,000. A Airaines aka harbe Kyaftin Charles N'Tchoréré, ɗan Gabon, ranar 7 ga Yuni, saboda ya nemi a ɗauke shi a matsayinsa na hafsa. A Chasselay, arewa da birnin Liyon, aka karkashe mutanen runduna ta 25 a ranakun 19 da 20 ga Yuni. Waɗanda suka tsira da rai an tsare su shekaru a sansanonin fursuna cikin Faransa, inda tarin fuka ya ci da yawa. Wasu rundunonin kuma sun sauka a gaɓar Provence daga 15 ga Agusta, 1944, suka shiga ƙwato Toulon. Bayan wannan yaƙi ma ba a huta ba, an kai ƴan Nijar Madagaska a 1947, da Indosin har 1954, da Aljeriya. Marigayi Janar Seyni Kountché yana cikin waɗanda suka yi aiki a Indosin da Aljeriya kafin ƴancin kai.

Abin da aka bari a gida

Wanda ya mutu a garinsu an yi masa wanka da sutura da salla, an yi zaman makoki, matarsa ta yi takaba, an raba gado, magana ta ƙare. Wanda ya tafi bai komo ba kuwa ya bar gidansa a rataye. Sanarwar rasuwa takan bi ta hannun gwamna zuwa kwamandan, daga kwamandan zuwa sarki, idan kuma sunan da ke takardar bai yi daidai da wanda aka sani a gari ba, sai ta tsaya a ofis. Sau da yawa labarin da ya iso gida shi ne na bakin abokin tafiya da ya komo bayan shekaru, ya ce ya gan shi a jirgi, ko sun rabu a wani sansani.

Malaman Malikiyya suna da hukunci a kan wanda ya ɓace ba a san ransa ko mutuwarsa ba. Kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, matarsa takan kai ƙara, a yanka mata shekara huɗu bayan an bincika, sannan ta yi idda irin ta mamaci, dukiyarsa kuma ba a raba ta sai an kai shekarun da ba a zaton irinsa yana raye. Alƙalai da limaman wancan zamani sun sha fama da irin wannan shari'a. Akwai matan da suka ƙare ƙuruciyarsu suna jira, da uwayen da suka rasu suna sauraron sallama, da gonakin da suka zauna a hannun ƴan'uwa ba a san ko aro ba ne ko gado. Neman ranar rasuwar irin wannan mutum, ko bayan shekara tamanin ko ɗari, rufe wata ƙofa ce da aka bari a buɗe.

Inda takardu suke

Sojan Faransa masu rubutu ne, abin da suka rubuta kuma yawancinsa yana nan. Dokar 2 ga Yuli, 1915, ta ƙirƙiro shaidar Mort pour la France, wato wanda ya mutu domin Faransa, aka kuma cika wa kowane mamaci katinsa. Ma'aikatar tsaron Faransa ta ɗora waɗannan katuna a intanet tun 2003, a shafin da ake kira Mémoire des hommes, inda na Yaƙin Farko kaɗai suka haura miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Kowa yana iya dubawa kyauta, ko da wayar hannu. Katin yana ɗauke da suna, da muƙami, da bataliya, da lambar soja, da shekarar ɗiba, da wurin da aka ɗauke shi, da ranar rasuwa da wurinta da sanadinta: an kashe shi a fagen yaƙi, ko rauni, ko cuta, ko ya ɓace. A shafin akwai kuma jerin mamatan Yaƙi na Biyu da na Indosin da Aljeriya, da jerin kaburburan soja, da littattafan da kowace runduna ta Yaƙin Farko take rubuta abin da ya same ta kowace rana. Wanda ya san bataliyar kakansa da ranar rasuwarsa, zai iya karanta inda suke a wannan yini da abin da ya auku.

Sauran takardun suna warwatse a gidajen adana tarihi. A garin Pau ne ake ajiye rajistocin aikin soja na mutanen tsofaffin ƙasashen mulkin mallaka, inda ake samun ranar shiga, da jiragen da mutum ya hau, da wuraren da aka kai shi, wani lokaci har da sunan uba da uwa da ƙauye. A Caen ake ajiye fayil-fayil na waɗanda suka mutu ko suka ɓace ko aka kama fursuna. A Vincennes akwai tarihin rundunoni. Ƙungiyar Red Cross ta Duniya a Janeba tana da bayanan fursunonin yaƙe-yaƙen biyu. A Dakar, tsohuwar hedkwatar Afirka ta Yamma ta Faransa, akwai takardun ɗibar soja, da kwafinsu a Aix-en-Provence. A Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Yamai kuwa akwai rahotannin kwamandoji da littattafan ƙidaya da na lanho, waɗanda ke nuna shekarar da aka yi ɗiba a kowane yanki da yadda jama'a suka karɓe ta. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a farkon 2024, amma ana iya rubuta wa waɗancan gidaje kai tsaye, ɗalibai da ƴan gari mazauna Turai kuma suna iya zuwa da ƙafarsu.

Game da kaburbura, dokar Faransa ta 29 ga Disamba, 1915, ta ba kowane sojan da ya mutu a yaƙi haƙƙin kabari na dindindin a kan kuɗin gwamnati. Musulmi an kafa musu allon dutse mai jinjirin wata da tauraro, da rubutun Larabci mai nuna cewa kabarin marigayi ne. A Douaumont akwai irin waɗannan kaburbura 592 suna fuskantar alƙibla, a 2006 kuma aka buɗe wani gini na tunawa da sojoji Musulmi a gefensu. Waɗanda suka mutu a Indosin an kwaso ƙasusuwan dubbai daga cikinsu zuwa Fréjus, inda aka buɗe musu wurin tunawa a 1993.

Wahalar suna

Babban cikas a wannan aiki shi ne suna. Magatakardan bariki ya rubuta abin da kunnensa ya ji, da ƙa'idar rubutun Faransanci, sau da yawa ta bakin tafinta wanda shi ma ba Bahaushe ba ne. Muhammadu yakan zama Mahamadou ko Mamadou ko Mamane. Yusufu ya zama Issoufou, Shu'aibu ya zama Chaïbou, Usmanu ya zama Ousmane. Ƙa da ka sun zama ɗaya, ɗa da da haka nan. Wani an rubuta shi da laƙabinsa, irin su Tanko ko Nomau ko Ɗanladi, ba da sunan yanka ba. Wani an maƙala masa sunan garinsu ko na ƙabilarsa a madadin sunan uba. Wanda aka tura a madadin wani kuwa, zai yiwu da sunan wancan ya yi aikin soja har ya mutu. Garuruwa ma haka: Tasawa ita ce Tessaoua, Madawa Madaoua, Tawa Tahoua, Gure Gouré, Dogon Dutsi Dogondoutchi. Ranar haihuwa kuwa kintace ce ta likita, shi ya sa akan rubuta cewa an haife shi wajen shekara kaza.

Saboda haka ba daga intanet ake fara bincike ba, daga zauren gida ake farawa. Da tsohuwar zuma ake magani. A zauna da mafi tsufa a dangi, musamman mata, domin su ne suka fi riƙe sunayen uwaye da jerin haihuwa. A tambayi sunan yanka da dukan laƙabobi, da sunan uba da kaka, da ƙauyen da yake zaune lokacin ɗiba, da sarkin da ke bisa gado. Idan ba a san shekara ba, a auna da abin da ya faru: kafin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ko bayanta, lokacin yaƙin Kaosan, shekarar fara da yunwa ta 1931, ko kafin a soke aikin tilas a 1946.

Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: da wa suka tafi? Samarin gari guda da aka ɗiba rana guda, lambobinsu sukan bi juna a rajista, galibi kuma tare ake tura su. Idan ɗaya ya komo, zai yiwu har yanzu littafinsa na soja, ko katin fanshonsa, ko lambar yabonsa, ko ɗan ƙarfen shaida da ake ɗaura wa soja, yana cikin wata tsohuwar adaka a gidan jikokinsa. Lambar wanda ya komo ita ce ke kai mai bincike ga shafin wanda bai komo ba. Sai dai a kiyayi gaggawa. Masu suna Moussa ko Abdou a cikin waɗannan katuna ba su ƙirguwa, kada a rungumi na farko da aka gani. Sai suna da yanki da shekara sun dace gaba ɗaya, sannan a ce an samu.

Takarda ma tana kuskure

Abin da aka rubuta a ofis ba wahayi ba ne. Ranar 1 ga Disamba, 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojan Faransa sun buɗe wuta kan tsofaffin fursunonin yaƙi da aka komo da su, saboda sun nemi a biya su haƙƙinsu kafin a sallame su. Rahotannin hukuma na lokacin sun ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama kuwa suna ganin sun kai ɗaruruwa. Ɗaya daga cikin mamatan an fara rubuta shi a matsayin wanda ya gudu daga aiki, sai a 1953 aka amince ya rasu. Ɗansa, wanda yake ƙaramin yaro lokacin da abin ya faru, ya shafe shekaru masu yawa yana rubuta wasiƙu yana shiga kotu, har a 2024 aka sanya mahaifinsa cikin mutum shida da Faransa ta ba shaidar Mort pour la France. A watan Nuwamba na wannan shekara shugaban Faransa ya amince a rubuce cewa kisan gilla aka yi.

A Chasselay kuma, wani jami'in kula da tsofaffin sojoji mai suna Jean Marchiani ya tattara gawarwakin da aka watsar, ya gina musu maƙabarta mai jar katanga irin ginin ƙasar Sudan, aka buɗe ta ranar 8 ga Nuwamba, 1942. Sojan Afirka ta Yamma 188 ke kwance a ciki, da dama babu suna a kansu. A 2022, bayan binciken masana, aka kafa alluna masu ɗauke da sunayen 25 daga cikin waɗanda suka ɓace a wannan yanki. Sunan da ya yi shekara tamanin a ɓace, ashe ana iya samo shi idan an dage.

Akwai kuma waɗanda ba za a same su a takardun Faransa ba sam, domin ba ita suka yi wa soja ba. Daga cikin waɗanda suka tsallaka Najeriya ko suka tafi ci-rani Gwalkwas, akwai waɗanda suka shiga sojan Ingila. Waɗannan an kai su Kamaru da Afirka ta Gabas a Yaƙin Farko, a na Biyu kuma aka kai runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma ƙasar Boma daga 1943 zuwa 1945. Sunayen mamatansu suna hannun hukumar kaburburan yaƙi ta Kwamanwel, wadda ita ma tana da shafi a intanet, da yawa kuma an zana su a bangon tunawa na Taukkyan kusa da Rangun. A can rubutun sunan na Ingilishi ne, Moussa ya koma Musa.

Abin da ya rataya a wuyan gari

Wani zai ce me ya haɗa mutanen yau da yaƙin da ba nasu ba, wanda aka yi don ɗaukakar mai mulkin mallaka? Rubuta sunan mamaci ba yabon wanda ya tura shi ba ne. Yawancin waɗannan samari ba su zaɓi tafiyar ba, wasunsu ma sun tafi ne don wani ya zauna. Waɗanda suka komo an daskarar musu da fansho da dokar 1959, aka bar su suna karɓar ɗan abin da bai kai na abokan yaƙinsu Faransawa ba, ba a daidaita shi gaba ɗaya ba sai a 2011, bayan yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. A Faransa kusan kowane ƙauye yana da dutsen da aka zana sunayen ƴaƴansa da suka mutu a yaƙi. Nasu mamatan kuwa, waɗanda aka ɗiba daga ƙauyukan ƙasar Hausa, idan garinsu bai rubuta su ba babu mai rubuta su.

Tun da ta ƙofar fada suka fita, fada ce ta fi cancanta ta jagoranci komo da sunayensu. Aikin ba ya bukatar dukiya mai yawa. Kowane mai unguwa da mai gari ya tara dattawansa da limaminsa, da malamin lakwal guda mai karanta Faransanci, a buɗe littafi. Kowane mutum a ba shi shafinsa: abin da dangi suka sani a gefe guda, abin da takarda ta nuna a ɗaya gefen, da boko da ajami. A ɗauki hoton duk wani littafin soja ko lambar yabo da aka samu, a mayar wa masu shi abinsu. A rubuta ɗan sarki da ɗan bawa a jeri guda, kamar yadda suka kwanta a jeri guda. A ajiye littafin a fada, kwafinsa a makaranta, ranar da aka taru addu'ar sarakunan da suka gabata kuma a karanta waɗannan sunaye tare da nasu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a ƙasar da ba tasu ba, ya haskaka kaburburansu inda duk suke, a tudu ko a teku, ya gafarta wa magabata baki ɗaya. Allah ya ja zamanin Mai Martaba, ya ƙara masa lafiya da adalci, ya zaunar da ƙasar Nijar lafiya. Amin.